Tukunyar dare ita ke ciyar da safiya

Tambaya: Ni ma'aikaciya ce, ina fita da sassafe, ba na dawowa sai rana ta kusa faɗuwa, ga yara biyu 'yan makaranta. Shayi da burodi da safe, taliyar leda da dare, har sun fita ran kowa a gidan. Wane abinci mai sauƙi zan riƙa yi na karin kumallo da na dare, wanda ba zai cinye min lokaci ba, kuma zai riƙe ciki?

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kafin in ambaci ko kala ɗaya, bari in gaya miki abin da na gani a shekarun da na yi ina girka wa jama'a masu yawa, da waɗanda na yi daga baya ina koya wa masu fara riƙe ludayi. Da zan zaunar da ke yanzu, na tabbata za ki lissafa min abinci ashirin da kika iya dafawa. Ashe ke nan sani bai yi miki ƙaranci ba. Abin da ke kayar da ke shi ne ƙarfe shida da rabi na yamma: kin shigo da jaka a kafaɗa, ƙafa na zogi, ƙaramin yana jan rigarki, sai a lokacin za ki tsaya tsakiyar kicin kina tunanin me za a ɗora, sannan ki fara ɓare albasa. Tunanin nan da yanke-yanken nan su ne wahalar. Dahuwa kuwa aikin wuta ce, naki kawai zama kusa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da zan faɗa miki a kan wannan ya ginu: ranar hutunki ta bar wa dararen mako abin da za su tarar, tukunyar dare kuma ta bar wa safiya nata.

Ki fara da abu ɗaya tak a ranar da ba ki fita. Manyan albasa 6, ki yanka su ƙanana, ki zuba a faffaɗar tukunya da mai rabin kofi da ɗan gishiri, a matsakaiciyar wuta. A nan yawancin mutane ke cutar kansu. Za ki ga an rubuta cewa a soya albasa minti biyar har ta yi ja. Ni dai ban taɓa haɗuwa da albasar da ta yarda da wannan ba. Kusan kashi 90 cikin ɗari na albasa ruwa ne, kuma muddin ruwan nan yana kwance a tukunya, zafin ba zai wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyas ba, alhali launin zuma da ƙamshin da muke nema ba sa fitowa sosai sai zafi ya kai wajen 140. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa ta sukari da sinadaran furotin a 1912, har yau da sunansa ake kiran ta, kuma ita ke ba ɓawon burodi da gasasshen nama ƙamshinsu. Don haka ki ba albasarki minti 20 zuwa 25, kina juyawa jefi-jefi. In kika ƙara wuta don ki gama da wuri, gefe zai ƙone tsakiya na ɗanye, ƙauri ya bi miki abincin mako guda. Sauri ya haifi nawa.

In ta yi launin zuma, ki zuba dakakkiyar tafarnuwa kai guda, minti ɗaya kawai don ita saurin ɗaci gare ta, sai markaɗaɗɗen tumatir kilo ɗaya da rabi, ko na gwangwani mai giram 400 guda huɗu. Ki bar shi ba murfi har ruwan ya ƙone, tsamin ya kwanta, mai ya taso ya kewaye gefen tukunya. Kada ki sa kori, kada ki sa barkono, kada ki sa kowane kayan ƙamshi. Da gangan nake faɗin haka. In kika ba shi ɗanɗano ɗaya tun daga tukunya, duk abincin makon zai fito kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, ranar Laraba yara su fara ture faranti. Ki bar shi fili, kowane dare ya sa masa tasa rigar. In ya huce ki rarraba a ƙananan robobi, kowace ta girki ɗaya. Na kwana uku zuwa huɗu a firji, sauran a firiza, inda zai yi wata uku lafiya lau.

Yanzu ga safiyar Litinin. Ludayi biyu na haɗin nan a kasko, ɗan ruwa, barkono gwargwadon bakin gidanku. In ya fara tafasa ki yi ramuka huɗu da bayan cokali, ki fasa ƙwai a kowanne, ki rufe, ki rage wuta. Minti 5 zuwa 7 farin ya kama, gwaiduwar na da sauran taushi, a ci da burodi ana dangwala. Mutanen Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya suna ce wa wannan shakshuka. Wanda ya faro shi daga ɗanyar albasa sai ya ci rabin awa. Ke a minti goma kin sauke, yana nuna kina ɗaure wa yaro igiyar takalmi. In akwai mai juna biyu ko ƙaramin yaro sosai a gidan, a bar nasu gwaiduwar ta daskare.

Bari in ɗan daɗe a kan ƙwai, don shi ne ginshiƙin karin kumallon mai sauri, kuma shi aka fi wulaƙantawa a kasko. Dalilin da ya sa shayi da farin burodi ke barin yaro da hamma tun ƙarfe goma shi ne sukari da tataccen gari ba sa daɗewa a ciki. Furotin da maiƙo da faiba, wato dusa da zaren da ke cikin hatsi da ganye, su ke sa abinci ya zauna. Ƙwai ɗaya na ɗauke da furotin kusan giram 6, biyu a gefen burodin nan da kika saba sun canza safiyar gaba ɗaya, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma ƙwai ba ya son wuta mai ƙarfi. Farinsa yana fara kamawa tun zafi bai kai digiri 65 ba, gwaiduwa kuma wajen 70. Duk zafin da ya wuce haka matse shi yake yi, shi ya sa kike ganin wainar ƙwai ta yi tauri kamar roba, ruwa na tsatsafowa a faranti. Ki kaɗa shi da ɗan gishiri, ki zuba a kasko mai ɗumi da ɗan bota ko mai, ki riƙa turo shi a hankali daga gefe zuwa tsakiya, ki sauke tun yana da sauran sheƙi. Zafin kaskon zai ƙarasa aikin kafin ki ɗauko faranti.

Dafaffe kuwa, ki jira ruwa ya tafasa sannan ki saka shi da cokali. Minti 7 ga mai son tsakiyar da laushi, 10 zuwa 11 ga mai son ta dahu sosai, sai a tsoma shi cikin ruwan sanyi nan take. Koren zoben da kan kewaye gwaiduwa alamar ya wuce lokaci ne: sinadarin ƙarfe na gwaiduwa ne ya haɗu da farar wutar da ke cikin farin. Ba ya cutarwa, warin ne dai yara ba sa so. Ki dafa goma ranar Lahadi, ki bar su da ɓawonsu a firji, suna yin mako guda. Wanda ya kwana biyu da saye ya fi sabo fil sauƙin ɓarewa.

Sai ots, hatsin nan da ake daddanne shi ya yi fale-fale. Kofi ɗaya da kofi biyu na ruwa ko madara, ɗan gishiri kaɗan wanda kusan kowa ke mantawa, minti biyar a wuta. Amma wanda na fi so miki ko ashana ba ya buƙata. Da dare ki zuba rabin kofi a kwalba ko kofi mai murfi, rabin kofin madara, cokali biyu na yogot, ki rufe ki sa a firji. Da safe ya jiƙa ya yi laushi, ki yanka ayaba ko ki goga tuffa a kai, ki barbaɗa kirfa da dakakkiyar gyaɗa. Dabarar ta tsufa: wani likita a Zurik ta ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, yana ba majinyatansa jiƙaƙƙen ots da gogaggiyar tuffa tun wajen shekarar 1900. Akwai wani nau'in faiba a cikin ots da ke taimakawa wajen rage kitsen jini in ana samun giram 3 a rana, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta hakan a jikin kwali tun 1997. Sai dai ki sayi zallansa. Ƙananan ledojin nan masu ɗanɗanon kaza-da-kaza, sukari ne aka cika musu. In yaranki ba sa son abu mai sanyi da safe, minti biyu a tukunya ya ɗumama shi.

Burodin da ya kwana biyu ya bushe kuma kada ki zubar. Ƙwai biyu, madara rabin kofi, ɗan kirfa, ki tsoma yanka huɗu su sha, ki soya kowane gefe minti biyu zuwa uku. Faransawa suna kiran sa ɓataccen burodi, wato wanda aka fid da rai da shi aka ceto. Busasshen ma ya fi sabo kyau a nan, don shi ke shan ƙwan bai ragargaje ba.

Mu koma dare, inda ainihin maganar take.

Abincin da ya fi kowanne cetona a daren gajiya shi ne jan adas, ƙananan waken nan masu faɗi da ake sayarwa a ɓare. Ba ya son jiƙo, ba ya son tsaro. Kofi ɗaya a wanke, kofi uku na ruwa, rabin cokalin shayi na kurkum, roba ɗaya ta haɗinki, minti 15 zuwa 20 ya narke ya zama miya mai kauri. Abin da ke fitar da shi daga lami zuwa abin sha'awa dabara ce ta masu girkin Indiya: a ƙarshe a zafafa mai cokali biyu a ɗan kasko, a jefa yankakkiyar tafarnuwa da citta da busasshen barkono, da sun fara ƙamshi a juye su kan miyar, ta yi cuuu. Daƙiƙa talatin ke nan. A ci da shinkafa ko burodi. In mai ruwan ƙasa kika samu, wanda ba a ɓare ba, ki tafasa shi minti 10 zuwa 15 tukuna, ki zuba shinkafa daidai yawansa a tukunya ɗaya su ƙarasa tare, ki lulluɓe da soyayyiyar albasa mai yawa. A Labanan da Siriya da Falasɗinu mujaddara suke ce masa. Kada ki raina shi don babu nama: abin da furotin ɗin hatsi ya gaza a kai, na dangin wake yana da shi, abin da na wake ya gaza kuma hatsi ya cike.

Taliya ba laifi ta yi ba, kaɗaici ne ya dame ta. Giram 100 ga babba, ruwa mai gishiri, kafin ta dahu kin ɗumama haɗinki a kasko, kin juye kifin gwangwani biyu a ciki kin farfasa, kin watsa yankakken alayyafo ko kabeji. Ki tsame taliyar saura minti ɗaya ta nuna, ki juye ta cikin kaskon da rabin kofi na ruwan da ta dahu a ciki. Ruwan nan mai fari-fari sitaci ne, shi ke sa miya ta manne wa taliya maimakon ta kwanta a ƙasan faranti. Ranar da ko haɗin ya ƙare, Italiyawa suna da wadda ba ta wuce tafarnuwa da man zaitun da barkono ba, kuma abinci ce cikakkiya in an aza dafaffen ƙwai a gefe. Taliyar ledar ma da kuka gaji da ita, in dole ta kama, ki yi amfani da rabin garin ɗanɗanon da ke ciki, ki fasa ƙwai, ki zuba karas da kabeji.

Ga inda dare ke ciyar da safiya. Duk daren da za ki dafa dankalin turawa, ki ninka. A ci rabi da kifi ko kaza. Da safe ki yanka guda huɗu daga ragowar fale-fale, ki ɗan soya da albasa, ki juye su cikin kaɗaɗɗen ƙwai shida, ki mayar kasko a ƙaramar wuta minti 5 zuwa 6. In gefe ya kama, ki kifa faranti a kai, ki juya, ki zame shi ya koma kaskon minti uku. Wannan ita ce wainar dankali ta mutanen Sifaniya, ko da yake su ɗanyen dankali suke dafawa a hankali cikin man zaitun, tawa ta 'yan sauri ce. Ana yanka ta kamar kek, tana da daɗi ko ta huce, ragowar ta shiga kwanon makarantar yara. Juyin farko zai iya zube miki, ni ma ya zube min. Ki yi shi a kan wurin wanke-wanke.

Wake ma haka. Ki jiƙa mai yawa awa takwas, ki dafa shi fari ranar hutu, ki rarraba a firiza kofi bibbiyu. Gishiri ba ya hana shi nuna kamar yadda ake faɗa, tsami ne ke hanawa, don haka tumatir sai bayan ya yi laushi. In jan waken nan ne mai siffar ƙoda, lallai ya yi tafasa mai ƙarfi ta aƙalla minti 10, don akwai guba a ɗanyensa da ƙaramar wuta ba ta kashewa. Tukunyar matsi, mai huci, tana kai zafi wajen digiri 120, tana rage lokacin dahuwar zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku. In za ki sayi kayan kicin ɗaya a bana, ita zan ce. Da dare wake da haɗinki da shinkafa. Da safe ki ɗumama ragowar, ki ɗan murƙushe da bayan cokali, ki zuba mai, ruwan lemon tsami da tafarnuwa, a ci da burodi. Misirawa da irin wannan suke karyawa, da nasu babban waken da suke kira ful. Lemon tsamin yana da aiki bayan daɗi: bitamin C na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin wake, shayi kuma yana rage ɗaukar. Mai fama da ƙarancin jini ta ɗan jinkirta shayinta zuwa awa guda bayan ci.

Shinkafa kuwa sai na ja kunnenki, don ita ta taɓa kunyata ni. Farkon fara aikina na bar babbar tukunyar shinkafa a rufe ta kwana a kan murhu lokacin zafi, da safe na soya ta da kyau har tana tururi, ina ganin wuta ta kashe komai. Kafin azahar mutum huɗu suna amai. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zama a ɗanyar shinkafa, irinta yana tsallake dahuwa, in shinkafar ta daɗe da ɗumi sai ya farka ya zuba guba, gubar kuma ɗumame ba ya karya ta. Ƙa'idar ita ce: da an gama ci, ki baza ragowar a faffaɗan faranti ta huce da wuri, ta shiga firji cikin awa ɗaya, a cinye ta washegari, a ɗumama sau ɗaya tak har ta yi zafi ciki da bai. In kika kiyaye wannan, shinkafar jiya ta fi sabuwa kyau wajen suya, don ta tsane ta yi wara-wara. Mai a kasko mai zafi, albasa da karas, ki ture su gefe ki soya ƙwai biyu, ki zuba shinkafar ki baza ta, ki ƙyale ta minti ɗaya kafin ki juya. Minti takwas, kuma yara ba sa ce mata ragowa.

Nama ba sai kullum ba, amma in kaza za ki yi, ki sayi cinya. Ƙirji minti biyu ya wuce ya zama igiya, cinya kuwa tana yafe mantuwa. Ki goge ta ta bushe, don jiƙaƙƙen nama ba ya yin ja, dalilin albasar nan ne dai. Gishiri da masoro, ki kwantar da ita ta gefen fata a kasko, kada ki cika shi, kada ki taɓa ta minti 8 zuwa 10. Ta saki kaskon da kanta in ta yi. Ki juya, ki zuba haɗinki da kori da rabin kofin ruwa, ki rufe minti 20. Mai oben kuwa ta zuba cinyoyin da dankali da karas da albasa a tire ɗaya, digiri 200, minti 40 zuwa 45, ta je ta duba aikin gidan yara. Tsakiyar naman ya kai digiri 74. In babu ma'auni, ki tsaga kusa da ƙashi, kada a ga ja, ruwan da ke fita ya zama garau. Hukumomin kula da abinci a Amurka da Birtaniya suna hana wanke ɗanyar kaza, saboda fantsamar ruwan tana yaɗa ƙwayoyin cuta a kan kwanuka da teburi, kuma wuta ce ke kashe su ba famfo ba. Na san da wuya a raba mutane da wankin. In kajin da kike samu sai an wanke, ki yi a cikin roba ba ƙarƙashin famfo ba, ki bi wurin da hannuwanki da sabulu. Ƙasusuwan kuma kada su tafi shara: ruwa, albasa, awa ɗaya a ƙaramar wuta, kin samu romon dafa shinkafar jibi. Kifi ya fi duk wannan sauri, kusan minti 10 ga yanka mai kaurin santimita biyu da rabi.

In kika ɗanɗana abinci kika ji wani abu ya rage, kafin hannunki ya kai ga gishiri ko dunƙule, ki matsa lemon tsami. Sau da yawa tsamin ne babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a rana, kusan cokalin shayi ɗaya ke nan, har da wanda ke cikin burodi da kifin gwangwani da dunƙule, wanda shi kansa gishiri ne ya fi yawa a jikinsa. Ita ce kuma ta ce a samu giram 400 na ganye da 'ya'yan itace kullum, ban da dankali. Kada wannan ya tsorata ki. Kabeji da karas suna daɗewa ba su lalace ba, kwata ɗin kabeji a yanka siriri a soya sama-sama minti uku ya zama gefen kowane abinci, kuma daskararren ganyen leda ba abin kunya ba ne.

Duk wannan na faɗe shi ne a kan kina da firji mai aiki. In babu, ko ba a dogara da shi, lissafin ya canza, kuma kada ki yi wasa da shi. Dafaffen abinci ba ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki, in ana tsananin zafi sama da digiri 32 ma awa ɗaya. Tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Sai ki bar maganar girkin mako, ki dafa abin da za a cinye, ki jingina da abubuwan da ke ajiye kansu kuma suke nuna da wuri: jan adas, taliya, ots na dafawa, kifin gwangwani, tumatirin gwangwani, dankali, albasa, ƙwai. Da waɗannan kaɗai ana fitar da dare biyar ba a maimaita ba.

Saura tunanin me za a dafa, wanda na ce shi ne rabin gajiyar. Ki yanke shi sau ɗaya. Litinin adas, Talata taliya da kifi, Laraba kaza da dankali, Alhamis wake da shinkafa, ki rubuta ki manna a ƙofar firji, safiyar kowace rana kuma ta ci daga daren da ya gabace ta ko daga kwalbar ots. Maimaici bai kai yadda kike tsoro ba. Yara ma sun fi natsuwa in sun san abin da ke zuwa. Ki bar dare ɗaya fili, na ranar da komai ya tsaya, a ci ƙwai da burodi da yankakken tumatir, kowa ya kwanta. Wannan ma abincin dare ne, ban yarda a sa ki jin kin gaza ba. Kuma gidan ba ke kaɗai ke da hannu ba: ɗan shekara bakwai yana ɓare dafaffen ƙwai, yana zuba ots a kwalba, maigida yana iya ɗora shinkafa in ya riga ki shigowa. Mai fama da ƙwannafi a cikinku ya bar awa uku tsakanin cin abinci da kwanciya, wani dalilin ke nan na kada girki ya kai ku ƙarfe tara.

Kafin ki kwanta, ki sauko da robar gobe daga firiza zuwa firji, ki wanke kaskon safe. In kin dawo aiki kuma, tun kafin ki ajiye jaka ki ɗora ruwa a wuta ki rufe tukunyar, don rufaffiya ta fi saurin tafasa. Kafin ki canza kaya ki wanke hannu, ya tafasa.